Haƙuri Ya Kayar da Ƙarfi

Kakana manomin auduga ne a Funtuwa. Yakan ba mu labarin yadda suka kwana a gindin rediyo har asubahin 30 ga Oktoba, 1974, suna dakon damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Mutane sun ce Ali zai sha kashi, don shekarunsa 32, Foreman kuwa 25. Ali ya jingina da igiya har Foreman ya gaji da duka, sannan ya kayar da shi a turmi na 8.

Bara na faɗi jarrabawa, na so barin makaranta. Kaka ya tuna mini an ƙwace kambin Ali a 1967, sai bayan shekara 7 ya karɓo abinsa. A ganina, 'yan'uwana ɗalibai, maimaita aji ba abin kunya ba ne. Iyaye kuma ku ƙara mana haƙuri.