Ƙanƙantar Shago Ba Kariya Ba Ce

Wasu masu shagunan buga takardu da tura kuɗi ta Flooz a Sokode da Dapaong suna da hujja guda: wai sabunta Windows ɓarnar data ce, kuma ɓarawon intanet bai san da zamansu ba. Wannan hujja rusasshiya ce.

Ɓarawon ba ya zaɓen shago. Manhaja yake saki ta yi ta laluben kwamfutoci da shafukan intanet, inda ta tarar da ɓaraka ta kutsa. A Mayun 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da abin toshe ɓarakar tun Maris. Jinkirin sabuntawa ya jawo wa da yawa asara.

Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020. Mai amfani da ita yau da amanar jama'a yake caca, domin hotunan katin shaidarsu da lambobinsu suna ciki. Togo ta kafa hukumar tsaron intanet, ANCy, amma hukuma ba za ta zo ta danna maka maɓallin sabuntawa ba. Makanikin da ya kashe maka shi kuwa, ka sa ya kunna, ko ka nemi wani.