Kwantenar da ba ta biyo ta Kwatano ba

Duk ɗan kasuwar Madawa da ya taɓa yo odar kaya ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome ya san kwantena: akwatin ƙarfe mai tsawon ƙafa 20 ko 40, wanda ake saukewa daga jirgi a aza wa babbar mota ba tare da an taɓa kayan ciki ba. Wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, shi ya buɗe wannan hanya a 1956, sa'ad da jirginsa ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. To, masanan kwamfuta sun ari sunan, sun kuma ari dabarar.

A da, idan aka rubuta manhaja, wato tsarin aikin da kwamfuta ke bi, sai ta yi aiki lafiya a hannun maƙerinta, amma da an kai ta wata na'ura sai ta cije, don wani abin da take bukata babu shi a can. A 2013 wani matashi da ya tashi a Faransa, Solomon Hykes, ya fito da Docker, wadda ke ƙunshe manhaja da dukan kayan aikinta cikin ƙulli guda. Wannan ƙullin shi ake kira kwantena, kuma duk na'urar da aka kai shi, aiki ɗaya zai yi.

Sai dai ma'aikata babba ba ta dogara ga kwamfuta ɗaya. Akan haɗa da yawa su zama garke, garke kuwa sai da makiyayi. A 2014 kamfanin Google ya saki Kubernetes kyauta. Sunan na nufin matuƙin jirgin ruwa a harshen Girka. Aikinta kamar na sarkin tasha ne a lokacin kakar albasa: ya san motar da ke da wuri, ya raba buhuna, in wata ta lalace ya juye kayanta a wata. Injiniya kan rubuta a ɗan fayil cewa yana son kwafi uku na manhaja kaza su riƙa aiki dare da rana. In na'ura ɗaya ta mutu, Kubernetes ta tada kwafin a wata, ba sai an tashi kowa daga barci ba.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Buza da Kaita da wannan? Ruwansu kuwa da yawa. Alƙaluman da ma'aikatan lafiya na gundumomin nan ke tarawa, na zazzaɓin cizon sauro da tamowa da allurar rigakafi, suna shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙera, wadda ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta ɗauka. Masu ita suna rarraba ta cikin kwantena ga duk mai so.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwantena iri ɗaya ce ga kowa, amma saitinta na mai gida ne, kuma a waje da ita ake ajiye shi: harshen da za ta yi aiki da shi, adireshin rumbun bayanai, kalmomin sirri, da iyakar ƙarfin na'urar da za ta ci. Haka kuma kwantena ba ta riƙe ajiya. In ta mutu aka tada sabuwa, duk abin da ba a keɓe masa rumbu dabam ba ya tafi ke nan. Saboda haka wanda ke riƙe da fayilolin saiti, shi ke riƙe da mabuɗin ma'aikata.

Mutanen Adar sun ga ayyukan raya karkara iri-iri tun daga babban aikin Kaita da aka soma a 1984, sun kuma san injin da aka bari ba makaniki ƙarshensa tsatsa. Manhaja ma haka take. Ya kamata duk jami'in da zai sa hannu a kwangilarta ya yi tambayoyi uku: fayilolin saiti za su zama mallakar ma'aikata? A wace ƙasa rumbun bayanai yake, kuma wa ke kwafarsa? Ƴan ƙasa nawa za a horar har su iya tada ta da kansu?

A kuma tuna, makiyayin garke ba ya kawo wuta. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar, ofisoshi da yawa sun kwana cikin duhu. Garken da aka tara a ɗaki ɗaya, a kan waya ɗaya, tare zai faɗi. Sai a raba shi wurare biyu, a haɗa masa faifan hasken rana da batir.

Kayan aikin nan kyauta ne, kuma ɗan lise mai ƙwazo zai iya soma koyonsu da kwamfutar hannu ɗaya. Allah ya sa hukumomi su ba irin waɗannan yara dama.