LAFIYA UWAR JIKI: Siriri ma bai tsira daga kitsen jini ba

 

Masu kallon finafinan Indiya duk sun san Sushmita Sen, jarumar da ba ta wasa da motsa jiki, ba ƙiba ba teɓa. Amma a 2023 ciwon zuciya ya kama ta, kuma ta faɗa da bakinta cewa babbar jijiyar zuciyarta ta toshe da kashi 95 cikin 100. Allah Ya sa da sauran shan ruwanta.

To, me ke toshe jijiya? Babban mai laifi shi ne wani maiƙo da ke yawo a cikin jini, likitoci na kiran sa kolestarol. Ba baƙo ba ne, hanta ce ke haɗa shi, kuma jiki na buƙatar sa. Akwai LDL, wanda in ya yi yawa yake liƙewa a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntace. Akwai kuma HDL, mai kwashe rarar ya mai da ita hanta.

Ga inda ya shafe ka, ɗan'uwa: wannan liƙewar tun ana samari da 'yanmata take farawa. Ba ciwo, ba alama, sai an auna jini ake ganewa. Wani ma gadon sa yake yi, ko da siriri ne kamar sanda. Shi ya sa likitocin yara a Amurka suka ce a yi awon tsakanin shekara 9 zuwa 11, a sake tsakanin 17 zuwa 21.

Ba cewa muka yi ka daina cin daɗi ba. Amma kitsen tsire da balangu, man shanu, manja har ya yi iyo a miya, da soye-soye a man da aka yi ta maimaitawa, duk a rage. A riƙe wake, gero, dawa, zogale, kuɓewa, kifi, gyaɗa da kayan marmari. Taba kuwa, ko kusa! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matashi ɗan ƙasa da shekara 18 ya motsa jiki na minti 60 a kullum, ko ƙwallo ce ko keke.

In a gidanku akwai wanda ciwon zuciya ya taɓa kamawa da ƙuruciyarsa, don Allah ka je asibiti a auna ka. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.