Wabi ba sunan cuta ba ne

A gidajenmu na Mayo da Omdurman, matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana ana cewa wabi take yi. Sai a raɗa wa na gaba Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ke damuna da wannan kalma shi ne da an furta ta, tambaya ta ƙare. Alhali a bayanta akwai sikila, akwai zazzaɓin sauro, akwai tamowa. Akwai kuma wata matsala ta gado da ba a cika jin sunanta ba: jikin da ya kasa ƙona kitse.

Jiki yana fara amfani da sukari ne. In abinci ya yi nisa, sukarin da hanta ta ajiye ya ƙare, sai a koma kan kitse. To amma kitsen ba ya iya shiga murhun da ke cikin ƙwayoyin jiki, wato mitokondiriya, da ƙafarsa. Dole sai ɗan dako ya ɗauke shi. Ɗan dakon nan shi ne kanitin, wanda hanta da ƙoda ke haɗawa, muna kuma samunsa a jan nama da madara. Da ya rungumi kitsen, su biyun sun zama asilkanitin, a haka suke ƙetare bango su shiga wuta.

Wani yaron ana haifarsa da naƙasa a ɗaya daga cikin sinadaran da ke wannan aiki. Wadda aka fi sani likitoci na kiranta MCAD. Yaron ƙalau yake, yana wasa, yana ƙiba. Sai ranar da gudawa ko zazzaɓi ya hana shi cin abinci dare guda. Sukarinsa ya faɗi, kitsen ya ƙi ƙonuwa, ga amai, ga barcin da ba a iya tayar da shi, ga jijjiga. Kafin asuba wani lokaci an rasa shi, a ce iska ce.

Iyayen biyu lafiyarsu lau, amma kowanne yana ɗauke da rabin matsalar, kuma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin 4. Nan auren zumunci ya shigo, don 'yan uwa sun fi yiwuwar ɗauke da abu iri ɗaya. Ban ce a daina ba, kakanninmu da shi suka riƙe dangi tun daga Mai Wurno har nan. Cewa nake a sani.

Abin takaicin shi ne ana iya ganewa da ɗigon jini. Asilkanitin ɗin da ya kasa ƙonuwa taruwa yake yi a jini, na'ura kuma tana auna shi daga jinin diddigen jariri da aka busar a kan takarda. A Ingila ana ɗaukarsa a kwana na 5. Saudiyya, da ke tsallaken Bahar Maliya, ta fara shirinta na ƙasa a 2005. Mu kuwa tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya rusa mana ko ɗan abin da muke da shi, har asibitin Bashair ya koma karɓar masu raunin harsashi da bam. Duk da haka ina ganin yanzu ne lokacin magana. Masu zana yadda za a sake gina asibitocin Khartoum su sa gwajin jarirai a ciki tun daga tushe. Takardar jinin ba ta buƙatar firiji, ana iya tara ta a aika ɗakin gwaji guda.

Kafin nan, iyaye mata, ga abin da ke hannunku. Ƙaramin yaro marar lafiya kada a bar shi ya kwana da yunwa don wai "ba ya so". A ba shi nono, ko kunu mai sukari, kaɗan-kaɗan, har cikin dare. Ruwan gishiri da sukari yana maganin bushewar jiki, amma sukarinsa bai isa ya zama abinci ba. In yana amayar da komai ko ya fara lumshewa, a tafi asibiti a lokacin, a roƙi a auna sukarinsa, a kuma gaya wa likita in an taɓa rasa yayansa ta irin wannan hanya. A gidan da aka yi irin wannan rashin, kada a sa ƙananan yara gasar azumi, tunda bai hau kansu ba. Ƙwayoyin kanitin da ake tallatawa a Facebook don rage ƙiba kuwa, ba su ne maganin wannan ba, kada a ba yaro sai da izinin likita.