Wa Ke Gadin Gawar Da Aka Daskarar?



Kwanan nan daskarar da gawa ta fara shigowa labaranmu: attajiri ya mutu, a kai shi Amurka a sa a ƙanƙara, bayan shekara ɗari ya farka garau. Ban ƙi ƙirƙira ba. Abin da ya ishe ni shi ne yadda muke haɗiye zance ba taunawa da zarar an ce "Turawa sun gano". Ba su gano ba. Har yau ba a taɓa farfaɗo da ko mutum ɗaya ba. Hukuncin abin a addini na bar wa malamai. Ni tambayata ita ce, wa ke sa ido?

Nan Achika, idan ma'aikaciyar riga-kafi ta buɗe akwatin sanyinta, ku duba kwalbar maganin shan inna. Akwai 'yar alama a jikinta da ke yin duhu idan zafi ya taɓa ta, kuma da zarar ta yi duhu, sai zubarwa. Kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba tana da mai gadi. Gawar da ake biya wa fiye da dala 200,000 a kamfanin Alcor na jihar Arizona fa?

A Janairun 1967 aka daskarar da James Bedford, kuma jagoran aikin, Robert Nelson, ba likita ba ne, mai gyaran talabijin ne. Ya ci gaba da karɓar gawarwaki yana adanawa a wani ɗakin ƙasa a maƙabartar Chatsworth ta jihar Kalifoniya. Kuɗi suka ƙare, ruwan naitirojin da ke riƙe sanyi a digiri 196 ƙasa da sifili ya ƙafe, dangi kuwa suna can suna zaton komai lafiya. Sai a 1979 aka gano gawarwaki tara sun ruɓe. Ba wani sufeto da aikinsa ne ya leƙa ɗakin nan.

Za ku ce ai wannan tsohon zance ne. To, a 2016 wata yarinya 'yar shekara 14 mai ciwon daji a Ingila ta nemi kotu ta share hanyar daskarar da ita. Alƙali Peter Jackson ya ba mahaifiyarta ikon yanke shawara, amma da kansa ya nuna cewa hukumar kula da sassan jikin ɗan Adam ta ƙasar ba ta da hurumi kan wannan sana'a, ya kuma ce ya kamata ministoci su duba batun doka. A jihar Mishigan ma, da hukuma ta rasa inda za ta sa Cryonics Institute, lasisin maƙabarta ta ba shi a 2004. Su kansu kamfanonin ne ke rubuta mizanin ingancinsu, su ne kuma ke ba kansu maki, mai sayen kuwa ba zai taɓa tashi ya kai ƙara ba.

Mu da muka san yadda firji ke yi da nama idan aka ɗauke wuta kwana biyu, bai kamata mu rubuta shekara ɗari a ƙanƙara kamar barcin rana ba. In za ka rubuta, ɗan uwa, sa mana mai cika tankin a cikin labarin, da wanda ke biyan albashinsa bayan magada sun rabe dukiya.