Mota da Hanya: 'Yar robar da ke tsare sitiyarin Fijo 504

Jama'a, wannan makon ƙarƙashin mota za mu leƙa, musamman ku masu riƙe da tsohuwar Fijo 504. Motar nan ta fito a Faransa tun 1968, aka yi ta haɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, kuma har yau tana ɗaukar buhunan kaya da iyali tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Garwa da Yola. Inji dai kowa na kula da shi, don shi ke kuka a ji. Sitiyari kuwa shiru yake yi, sai ranar da ya ƙi.

Daga sandar sitiyari zuwa kowace tayar gaba akwai ƙarfen da makanikan Kano ke kira tayarod, na Nijar da Kamaru da Chadi su ce rotul. A bakinsa akwai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin ƙoƙo, an cika shi da giris, an rufe da 'yar roba. To wannan robar ita ce magana. Muddin tana nan lafiya, gaɓar za ta yi shekaru. Da zarar ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, giris ya koma kamar yashi, kullum yana cin ƙwallon a hankali. Ranar da ƙwallon ya fice daga ƙoƙonsa, tayar nan ta bar bin umarninka ke nan, ko da kana kan gudu da uwargida da yara a baya.

Kuma sau da yawa mu da kanmu ke kashe robar. Yaro mai wankin mota ya ɗauko fetur ko gas ya wanke ƙasan mota don ta yi ƙyalli, alhali man nan kumbura roba yake yi ya ruɓar da ita. Haka baƙin man da ke ɗiga daga inji. Ruwan famfon wanki mai ƙarfi shi ma kada a saita shi kai tsaye a kanta, tura ruwa ciki yake yi. Tsumma da ruwan sabulu sun isa.

Dubawar ba ta buƙatar gareji. Ka sa jak ka ɗaga tayar gaba, ka tokare motar da kyau, ka kama tayar hagu da dama ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas ko wasa, sa wani ya leƙa ya ga inda ke motsi. Sai ka kama sama da ƙasa, wannan kuma gaɓar ƙasa ko boris zai nuna maka. Ka juya sitiyari har ƙarshe, ka haska tocila a kan robobin, har da doguwar nan mai ninki da ke rufe sandar. Taya da ke cinyewa ta gefe ɗaya ita ma shaida ce.

In robar ce kawai ta fara tsagewa, gaɓar ba ta wasa, a goge, a sa sabon giris da sabuwar roba. Kuɗinta bai kai na shan mai sau ɗaya ba. In kuwa ta riga ta yi wasa, babu wani gyara sai canji. Akwai makanikan da za su ce bari a bubbuge ƙoƙon da guduma ya matse, ko a cusa guntun tub, wai ya kai ka gida. Alhaji, kada ka yarda, ko da kasuwa na jiranka. Ni a ganina gara ka kwana a garin.

Wajen canji, ka tafi da tsohon kan kasuwa a gwada, don ba duka 504 ne kayansu ke hawa juna ba. A ƙirga zagaye nawa aka warware tsohon, a mayar da sabon daidai haka, sannan duk da haka a je a yi alaimen. Notin da ke da gurbin fil a sa masa fil na gaske, ban da ƙusa ko waya. Mai dogon zango kuma ya ajiye kai guda da robobi biyu a but, kusa da safaya, domin ba kowane ƙauyen bakin iyaka ake samun su ba.