Zuwa ga masu ɗorin karnuka: ku raba ƙafar nan da leda

Ƙannena malaman dabbobi,

Yabo dai kun cancance shi. Karen da a zamaninmu ake barinsa ya ɗingisa har mutuwa, yau kuna ɗora shi ya koma gadi ko farauta. Allah ya ƙara basira. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Leda ce. Tun shigowar damina nake ganin karnuka da ɗori mai kyau, an shimfiɗa auduga, an naɗe da bandeji, sannan an cusa ƙafar cikin baƙar leda an ɗaure bakinta da roba, wai kada ruwa ya shiga. A haka kare zai wuni, ya kwana. Wa ya koya muku wannan? Kun manta ta tafin ƙafa kare ke yin gumi? Kun tare ruwan sama, kun kulle na jiki. Audugar ta jiƙe, fata ta yi laushi ta saluɓe, gyambo ya buɗe a inda ido ba ya gani. Sai wari ya tashi, ko kare ya fara gaigayar ɗorin, sannan mai shi ya rugo. Robar kuwa tana nan tana datse jini.

Wanda ya koya mini aikin nan, Allah ya jiƙansa, ba ya sallamar kare sai ya bar yatsu biyu na tsakiya a waje, ya nuna wa mai shi: idan suka kumbura, suka ware da juna ko suka yi sanyi, a dawo yau, ba gobe ba. Wannan naɗin mai kauri da kuke alfahari da shi, sunan Robert Jones yake ɗauke da shi, likitan ƙashi na Liverpool wanda ya koyi aiki wurin Hugh Owen Thomas, kuma amfaninsa duka yana cikin busasshiyar auduga. Simintin ɗori da Mathijsen, likitan sojan Holan, ya fito da shi a 1851, da ya sha ruwa ya yi lis. Kada kuma na zamani, wanda ruwa ba ya narkarwa, ya ruɗe ku: audugar da ke ƙarƙashinsa ba ta san wannan labarin ba.

Mu da muka yi aiki da kara da tsumma ba mu ruɓar da ƙafafu kamar yadda... a'a, bari in yi shiru. Ku yi haƙuri, tsufa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ban haramta leda ba. Idan za a fitar da kare ya yi bawali cikin raɓa ko taɓo, a sa masa, kuma ledar ƙarin ruwa da ta ƙare ta fi ta kasuwa ƙwari. A ɗaure da zaren bandeji sako-sako, a cire da zarar an shigo. Idan ɗori ya jiƙe har ciki, kada a kara shi a wuta ko a shanya kare a rana. A kwance a sake sabo. Mai takalmin ƙafa da ake cirewa kuma, a goge fatar, a bar soson ciki ya bushe a inuwa kafin a mayar.

Ku faɗa wa mai kare duk wannan da bakinku, ku kuma sa ya maimaita muku kafin ya fita.

Naku,
wani tsohon malamin dabbobi